Shekarun Wancan

Yaya Imrana malamin gona ne a Bakura, ni kuwa ina koyar da Turanci a Talata Mafara, don haka da aka ce zai yi jawabi gaban baƙin da za su zo duba noman rani, kaina abin ya faɗo. Tarihinsa suke son ji, da Turanci.

Muna zaune ya fara, wai "in the age of".

"Haba Yaya! In ana maganar shekarun mutum, 'at' ake cewa. Sake."

Ya sake, ya faɗa daidai, sai ya tsaya cik. So yake ya ce yana da shekara kaza aka kai shi wurin kakarmu ta Maradun, inda ya tashi. Shekarun nan kaza ne bai sani ba.

"Sa uku mana, wa zai bincika?" na ce.

"Ni zan bincika, Surayya."

Kaka ta rasu, Baba ya rasu. Inna kaɗai ta rage, kuma shi ne ɗan farinta. Tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "wancan" take cewa. Kunya ce, kowa ya sani. Amma a ranar na gane cewa mutumin nan, da furfurarsa, bai tabbata Inna ta taɓa riƙe wani abu nasa a zuci ba. Wallahi sai ya ba ni tausayi.

Ran Asabar muka tafi Tsibiri wurin Inna. Muka iske ta tana ɓarar gyaɗa. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da gajiya, Yaya na tsugune can bakin ƙofa kamar baƙo. Ni mai bakin, ni na yi tambayar.

"Mi za a yi da wannan tsohon zance?" in ji Inna.

"Turawa ka son ji."

"Turawa ba su da aiki."

Yaya ya yi ɗan murmushi, ya fara laluben takalmansa. Dama ya ce mini a hanya haka za a yi.

Inna ba ta dube shi ba. Ni ta fuskanta, hannunta na cikin gyaɗa.

"Ki gaya ma wancan bai cika biyu ba, da saura wata guda. Yaye anka ce, mako ɗaya a maido shi. Da zazzaɓi anka ɗauke shi, haƙori na fito mai. Na bi su har bakin gulbi da hularshi, sai na ji mata na dariya, na komo."

Ta watsar da ɓawon da ke zaninta.

"Da na san riƙewa za a yi, da na bari sun yi ta dariyarsu."

Yaya na tsaye da takalmi ɗaya a hannu. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.