Battar Inna Hasana

"Surayya, miƙo min abina."

Da ƙyar muryar ta tsallako katanga, amma Surayya ta ji ta sarai, har ta saki tsintsiya. Inna Hasana ce, tsohuwar maƙwabciyarta, wadda ciwon ƙirji ya kwantar tun bayan sallar layya. Abin nata kuwa battar garin taba ce, 'yar ƙarama, tana ɓoye cikin kwanukan jeren Surayya.

Duk layin an san zaman Inna da battar nan. Tun tana kai atamfa Konni, can tsallaken iyaka, da ƙuruciyarta take cusa taba a leɓe. Duk sanda wa'azi ya ratsa ta, sai ta fito tsakar gida ta wurgo battar ta kan katanga, ta faɗo gindin zogalen Surayya, ta ce ta bar ta har abada. Abadar Inna kuwa ba ta cika wuce azahar ɗin washegari ba. Za ta shigo da sallama, ta tambayi lafiyar yara, ta tambayi ta awaki, ta yi ta kewaye-kewaye har Surayya ta gaji ta miƙa mata, su yi dariya.

Karon ƙarshe ne babu dariya a cikinsa. Ranar da aka dawo da ita daga asibiti a Sakkwato, ta sa aka kira Surayya, ta miƙa mata battar, sannan ta kama hannunta ta ce, "Wanga karo, ɗiyata, ko kuka nika yi kar ki ba ni. So nika in gamu da Ubangijina bakina da tsarki."

Surayya ta yi alkawari. Yanzu ga wadda ta ɗora mata alkawarin tana roƙon ta karya shi. Wacce za ta bi, Innar da ta hana ko Innar da ke kira? Halliru, ɗan Inna, yakan ce son tabar ciwo ne kamar kowane ciwo. Matan unguwa suna cewa son zuciya ne kawai. Ita dai Surayya ta zauna da duka Inna biyun shekara da shekaru, kuma kowacce tana sonta har cikin ranta.

Ta ɗaure battar a bakin mayafi ta zaga gidan Inna. Inna na kwance kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, jikin katanga, ta zama ƙashi da fata. A waje babura na ta wucewa da kaya zuwa bakin iyaka.

Surayya ta durƙusa ta ajiye battar a gefen tabarma.

"Ga ta nan, Inna. Ban ba ki ba, ban hana ki ba."

"Ja'ira," in ji Inna, ta yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Wa ya koya miki wanga wayo?"

"Ke."

Tsohuwar ta lallaɓa ta jawo battar ta buɗe. Ta daɗe tana shaƙar ƙamshin, idonta a rufe. Sai yatsanta ya shiga ya ɗebo, ya kama hanyar baki. A tsakiya ta tsaya tana dubansa.

"Kin gani? Ban aike shi ba. Shi kaɗai ya tahi." Ta numfasa. "Mi za ni ce in anka tambaye ni? Ni ko shi?"

Tausayi ya cika Surayya.

Inna ta goge yatsan a jikin tabarma, a hankali, har ya fita tas. Ta rufe battar, ta ce a ɗaga ta. Surayya ta jingina ta a ƙirjinta. Tsohuwar ta dubi saman katanga, ta tattara ƙarfin da ya rage mata ta wurga. Battar ta faɗi nan kusa da ƙafarta, ta gangara ƙarƙashin randa.

"Ta tsallaka?" Idon Inna ya riga ya raunana.

"Ta tsallaka, Inna."

"Na bar ta, to."

"Har abada?"

"Kar ki tsokane ni, ɗiyar nan."

Kafin magariba ta cika, da kalmar shahada a bakinta.

Washegari, da maza suka tafi da ita, gidan ya cika da mata masu gaisuwa. Surayya ta sunkuya kamar mai ɗiban ruwa, ta zaro battar daga ƙarƙashin randa. Ta matsa jikin katanga, ta wurga ta da kanta.

Da ta koma gida ta tarar da ita gindin zogale, inda ta saba faɗowa. Ta ɗauki tsintsiyar da ta yar jiya ta share tsakar gidan duka, ta kewaye battar, ta bar ta a wurin.