Kasuwa Minti Talatin

Jama'ar kirki, ina gaisuwa. Ku ma masu karatu a ɓoye, waɗanda ko yatsa ba ku dangwalawa, ina ganinku, sannunku da laɓe. Yau daga Magama na kwaso muku labari, can bakin iyaka. Mai ciwon baya ya gyara zama, in zaman zai gyaru.

Akwai wani bawan Allah ana ce masa Arzika. Shekara ashirin da ɗoriya yana dako a inda manyan motoci ke lodi. Buhun gero, buhun wake, ya duƙa a aza masa, ya bi katako ya wurga cikin mota kamar matashin kai. To ran nan ya sunkuya zai ɗauki butar alwala. Buta fa, ba buhu ba. Ƙugunsa ya ce ƙas. Tun daga ranar bai sake miƙewa daidai ba.

Magani kam an sha. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayan ya koma kamar faifan dara. Wani ya ce basir ne, aka jiƙa saiwoyi. Wani ya ce sanyin ƙashi ne, aka sayo man shafawa mai hoton damisa. Masu yawo da lasifika a kan keke kuwa, ba kalar ƙwayar da ba su ba shi ba, ja, kore, mai ruwan ƙwai. Kowanne sai ya yi kwana biyu yana aiki, rana ta uku ciwon ya dawo da ƙannensa.

Sau ɗaya aka lallaɓa shi zuwa Maraɗi wajen lokotoro, likita ke nan a bakin mutanen ƙetare. Mutumin ya danna nan, ya danna can, ya sa shi ɗaga ƙafa, ya ɗauki hoto, ya ce ba abin da ya karye. Ya yi ta bayani. Arzika bai ji ko ɗaya ba, idonsa na kan tebur yana jiran allura. Da ya ga takarda kawai aka miƙo masa, ya fito yana huci.

"Wanga ba likita ba ne, malamin makaranta ne," ya ce wa matarsa Salmatu. "Amshi, ki kunna wuta da ita."

Jijjigar babur a hanyar dawowa ta ƙarasa shi. Kowa ya ce ya kwanta ya huta, ya kwanta. Hutun nan ya kai shekara biyu a kan tabarma.

Kada ku ɗauka dako yake kewa. Yayarsa Hasiya yake kewa. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta goya shi, ita ta tauna masa abinci. Tana aure a Tudun Kalgo, wani ƙauye a ƙetaren iyaka, tafiyar awa biyu ga mai lafiya, hanyar duk rairayi ce, mota ba ta shiga. Idonta ya tafi, ƙafa ta ƙi, ba ta iya zuwa. Shi kuma ko ganin babur ya yi sai bayansa ya amsa. Sai dai surukarta ta ɗauki muryarta a waya a turo.

"Auta, gyaɗa ta yi bana. Na sa an aje maka ƙuli. Yaushe za ka taho?"

Mutum da furfura a gemu, amma Auta. Sai ya kifa wayar a ƙirji ya sake kunnawa, ya sake. Daga ƙofar ɗakinsa, in aka ɗage labule, ana hango wasu itatuwan gawo a jere can arewa. A ƙarƙashinsu hanyar ta bi. Da la'asar yakan ce wa Salmatu ta ɗage labulen wai zafi yake ji. Ta san ba zafi ba ne, ta ɗage ta yi gaba.

Ran nan Salmatu na kakkaɓe kwallayenta sai ga takardar lokotoro a ƙasan wata samira. Ashe ba ta ƙona ta ba, sai dai rubutun duk Faransanci ne. Aka yi sa'a, ko rashinta, Ɗantala ya shigo dubiya. Ɗantala taubashin Arzika ne, yana kai fetur ƙetare a jarka, kuma a bakinsa duk Magama ba wanda ya kai shi Faransanci. Faransancin nan kuwa daga bonjur sai marsi sai na zagin jandarma a ciki.

"Ba ni nan, jikan masu kwanciya," in ji shi. Ya kai takardar nesa, ya dawo da ita kusa, ya yi gyaran murya. "Marshe. Ka gani? Marshe. Kasuwa ke nan. Ga talatin, ga minti. Kullum."

"Kasuwa kamar ƙaƙa?"

"Kasuwa dai da ka sani. Lokotoro ya ce ka tahi kasuwa kullum, minti talatin."

"In yi mi?"

"Ni na rubuta? Wataƙila maganin can yake. Wataƙila iskar ce."

"Sauran layukan fa?" in ji Salmatu.

"Gaisuwa ce," in ji Ɗantala, ya linke takardar da sauri.

Arzika ya zage shi tas, ya ce da ma danginsu ba su taɓa karanta komai daidai ba. Amma da Ɗantala ya tafi sai ya kunna wayar nan. Yaushe za ka taho? Washegari ya ce a miƙo masa sanda.

Ranar farko iyakarsa bakin zaure. Ya dawo yana gumi yana tsine wa Faransa baki ɗaya. Rana ta huɗu ya kai wajen mai faci. Babur ba ya hawuwa, don haka kasuwar nan sai dai a ƙafa. Sai da ya yi mako biyu kafin ya ga rumfar farko. Ya tsaya ya shaƙi iskar kasuwa sosai, ko ita ce maganin. Warin busasshen kifi ne da hayaƙin gas. Ya tambayi masu magani ko suna da wani abu wai shi marshe, kowa ya ce ya ƙare jiya. Ya cika mintinsa talatin ya koma gida. Gobe ma haka. Ciwon bai tafi ba, wata ran ma har ya fi, amma ya daina kwana a wuri ɗaya. Wata Juma'a Salmatu ta leƙo ta gan shi ya yi ruku'u a tsaye. Ta koma da sanɗa, kada ta tsorata abin.

A wata na biyu da fara zuwa kasuwa saƙo ya zo, wannan karon muryar surukar ce. Jikin Yaya ya yi nauyi, abinci sai an matsa, magana tana raguwa.

A ranar ya je kasuwa ba ya ko ganin gabansa. Wani mai allura da ke zama bayan rumfar masu buhu ya kira shi.

"Baba, na ji labari. Zo in yi maka guda ɗaya. Wallahi yau ka hau babur har Maraɗi ba ka san kana da baya ba."

"In ta sake ni fa?"

"Sai ka dawo in ƙara maka."

Arzika ya tsaya yana kallon kwalbar, ba suna a jikinta. Ya zaro takardarsa daga hula, don yanzu nan take kwana, yana juya ta kamar za ta yi magana. Wata mata da ke awon wake a gefe ta hango rubutun. Madam Rabi ce, ma'aikaciyar asibiti daga ƙetare, takan shigo sayayya.

"Baba, in gani?"

Ta karanta. Ya gaya mata yadda aka fassara masa. Matar nan ta yi dariya har ta dafa buhu.

"Wa ya karanta maka? Duba nan. In da ɗan karan nan a saman harafin ƙarshe, shi ne kasuwa. Nan babu. Tafiya aka rubuta. Ka yi tafiya a ƙafa minti talatin kullum."

"Tafiya?"

"Tafiya. Layi na biyu, kada ka yi ta kwanciya. Na uku, ka riƙa miƙa jiki, ka gasa da tsumma mai ɗumi. Na huɗu, ka bar shan ƙwayar da ba likita ya ba ka ba. In ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙwace maka, ka komo asibiti da gudu."

"An ce mini gaisuwa ce."

"Shekara nawa takardar ga?"

Ya ƙirga da yatsa. Shekara biyu. Maganin na cikin samira, shi yana tabarma yana kallon gawo.

Ya gaya mata zancen Yaya, ya nuna mai allura da haɓa. Madam Rabi ta daina dariya.

"Ban san abin da ke cikin kwalbar can ba, shi ma ban ce ya sani ba. Ko ta kashe zafin, rairayin nan zai yi ta dukan bayanka kana bisa babur ba ka ji. Kana iya isa, ka kwanta can. Tafiyar awa biyu kuma ba ka kai ba tukuna. Ƙara kaɗan kaɗan. Mako uku, huɗu."

"In ba ta kai mako huɗu ba fa?"

"Wannan ban da amsarsa, Baba."

Ya sake duban kwalbar. Sannan ya mai da takardar cikin hula, ya wuce mai allura.

Daga ranar ya bar zuwa kasuwa, ya juya arewa. Kullum bayan asuba ya nufi gawon nan, ya ƙara itace ɗaya a kan na jiya, ya juyo. Juyowar ta fi ciwon zafi. Duk sanda waya ta yi ƙara sai ya ce Salmatu ta fara ɗauka. Ɗantala kuwa ya bi gari yana cewa shi ya warkar da shi.

Kwana ashirin da uku. Ranar ta ashirin da huɗu bai juyo ba. Salmatu na biye da shi da gorar ruwa, suka huta sau biyar, hantsi ya yi sosai suka shiga Tudun Kalgo.

Yaya Hasiya na kwance a inuwar rumbu, ta zama 'yar mitsitsiya. Ya yi sallama, ba ta juyo ba. Surukar ta ce tun makon jiya maganar ta ɗauke. Saƙon ƙuli shi ne na ƙarshe da ta yi da bakinta.

Ya durƙusa a hankali, yana dafe da sanda.

"Yaya, ni ne. Na taho."

Hannunta ya tashi yana lalube. Ya bi gemunsa, ya bi kunne, ya gangara ta wuya zuwa baya, ya tarar da tabon ƙaho. Nan ya tsaya. Sai ta fara bubbuga wurin a hankali, kamar yadda ake yi wa goyo in ana so ya yi barci.

Aka kawo ƙulin a ƙullin leda. Ya bushe kamar tsakuwa. Arzika ya zauna yana tauna, hannunta na bayansa, yana ta ba ta labarin Ɗantala da kasuwa. Ya ce ya ga bakinta ya motsa. Salmatu ta ce ita ba ta gani ba, amma ba ta musa masa ba.

Ya same ta da rai, bai sami muryar ba. To ku fa? Kuna tsaye gaban mai allurar nan, saƙo na aljihu, tana iya magana a ranar. Ku hau babur ko ku ƙirga gawo? Masu laɓe, yau dai ku fito ku faɗa.