Sunan da Ba Ya Cikin Littafi

Tela mutum ne da ko tsawon hannun riga aka faɗa masa sai ya sake aunawa da kansa. To, irinsa ne matarsa ta haihu, ta miƙo masa takardar rajistar haihuwa da wani suna a rubuce da fensir, sunan da bai taɓa ji ba.

"Daga ina wannan?"

"Tsohon labari ne," ta ce, tana gyara wa jaririn zani. "Wani jarumi da ya nutse ƙarƙashin kogi ya ƙwato yarinya daga hannun aljanin ruwa. Ma'anarsa wanda ba ya dawowa hannu rabbana."

Ba ta kalle shi ba, abin da ya tsaya masa a rai ke nan. A shago ya ɗinke aljihun wando ta ciki har sau biyu. Tsoro yake kada ya kwashe shekaru yana kiran ɗansa da sunan tsohon saurayinta.

Ya tsallaka wurin mai sayar da littattafai. Suka bi littafin sunaye shafi shafi, da na labaran jaruman da. Babu sunan, babu aljanin. Tela ya fito yana huci, ya zarce gidan surukarsa, ya same ta tana shanya. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya furta sunan.

Rigar hannunta ta faɗi ƙasa.

"Wa ya gaya maka?"

"Mama, wane ne shi?"

"Ɗana ne. Yayanta. Tana shekara shida ta faɗa kogi, ya bi ta. Ita ta fito." Tsohuwa ta nemi kujera. "Tun ranar na hana a ambace shi a gidan nan."

Kunya ta rufe shi, har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Kafin ya isa gida surukar ta riga ta buga wa matarsa waya. Ya tarar da matarsa a bakin gado, takardar a cinyarta, ta goge fensirin tas.

"Ni ka kasa yi wa tambaya ta biyu, sai ka je ka sa uwata kuka," ta ce, ta miƙa masa biro. "Rubuta wanda ka yarda da shi. Wancan na fasa ba ka."