Kwakwar Yurani

Tun ranar da Nemesio ya fara jera buhunan yashi a gindin kwakwar nan matarsa Dioselina ta ce masa abin ba zai ƙare da daɗi ba. Ta faɗa tana ɓare ayaba, ko kai ba ta ɗaga ba.

Kwakwar ta 'yarsu Yurani ce. Da aka haife ta, a nan aka binne cibiyarta aka dasa kwakwa a kai, yadda ake yi wa kowane jariri a ƙauyen. Itace ya miƙe, mai shi ya miƙe. A lokacin sai mutum ya yi 'yar tafiya kafin ya taka ruwa. Yanzu teku ya iso gindinta, Yurani kuwa tana birnin Buenaventura da tsohon ciki.

Kullum da safe Nemesio yana tsaye yana kallo. Igiyar ruwa ta fashe, ruwa ya dagule, yashi ya tashi a cikinsa, sai ta ja baya da shi a karkace. Wadda ta biyo ta ta ƙara matsar da shi gaba, har ƙofar maƙwabcinsa Aristarco, wanda ya riƙe Yurani ranar baftisma ya zama kamar uba a gare ta.

"Mutumina, ka ci gaba da aiko min da yashin," in ji Aristarco daga cikin kwale-kwalensa. "Na kusa samun filin ƙwallo."

"'Yarka ce fa a ƙarƙashin nan."

"'Yata tana birni tana shan ƙanƙara. Kai ne ke cikin ruwa da wandon coci."

Nemesio ya ƙara buhuna. Sai igiyar ta samu abin duka. Ta bugi buhunan, ta dawo ta yi karo da ta bayanta, su biyun su haƙa rami a ƙarƙashi. Buhunan suka nutse ɗaya bayan ɗaya, saiwoyi suka fito tsirara.

Ranar wata Talata da hantsi kwakwar ta kwanta a hankali, ko ƙara ba ta yi ba. Nemesio ya zauna a kanta riƙe da waya, ya kasa kira, ya kasa ajiyewa. Bai ci abincin rana ba. Da la'asar wayar ta yi kuka.

"Baba, namiji ne," in ji Yurani. "Lafiyarmu lau. Na sa ungozoma ta ajiye min cibiyar. Ya kwakwata?"

"Ta ɗan kwanta."

"Kwakwa tana kwanciya?"

"Wannan ta kwanta."

Washegari ya tsinki ƙwara ɗaya daga itacen, ya hau tudu bayan coci, ya share wurin da za a dasa wa jikan.

Cibiyar Yurani kuwa ya tona ya tona bai gan ta ba. Aristarco ya ce tana ƙofarsa, kuma ba zai bayar ba. Dioselina ta ce kaguwa ta cinye ta tun yarinyar tana rarrafe. Har yau ba a san inda ruwa ya kai ta ba.