Nauyin Hasken Rana

Tun da hantsi Malam ya share teburin falonsa, ya ture takardun jarrabawar ɗalibai gefe, ya jera littattafan da ya aro daga ɗakin karatun makaranta. Asabar ce, ranar da 'yarsa ke zuwa. Tun da suka rabu da uwarta, ta auri wani injiniya, wannan wunin ne kaɗai rabonsa da yarinyar a mako.

Uwar ce ta shaida masa ta waya cewa an zaɓi yarinyar ta wakilci makarantarsu a gasar kimiyya, kuma tambayar da aka ba ta ita ce ko duniya tana ƙara nauyi ne, ko raguwa take yi. Da ya ajiye wayar sai da ya yi murmushi shi kaɗai. Ai wannan gonarsa ce. Kimiyya yake koyarwa tun kafin a haife ta, kuma tun tana koyon magana shi take bi da tambaya, har ya raɗa mata suna Me-ya-sa. Duk makon nan, da an tashi daga aji sai ya zauna yana tsara yadda zai ɗauke ta tun daga tushe.

Ta iso da fara'arta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta wuce ta ɗora ruwan shayi kamar yadda ta saba. Da ta kawo, ta ajiye kofin a gabansa, sai ta ɗaga yatsa.

"Baba, ka san shayin nan ya fi nauyi yanzu da yake da zafi? In ya huce zai ragu, ko da tururi bai fita ba. Zafi makamashi ne, makamashi kuma yana da nauyi. Sai dai babu sikelin da zai iya nuna bambancin."

Malam ya tambaye ta a wane littafi ta gani.

"Abba ne ya nuna mini."

Abba take kiran mijin uwarta. Malam ya daɗe da sanin haka, amma har yau in ta faɗa sai ya ji kamar ya tauna tsakuwa. Ya dubi kofin. Shekara da shekaru yana rubuta wannan ƙa'ida a allo, cewa nauyi da makamashi abu ɗaya ne da ya sauya riga, amma bai taɓa tunanin kwatanta ta da kofin shayi ba. Misalin ya yi kyau, kyawun nan kuwa shi ya fi ci masa rai.

Ashe har sun gama aikin. Ta fito da kwalaye masu zane-zane, an buga su da launi a ofishin Injiniya, ba ta ko lura da littattafan da ke kan tebur ba. Ta tsaya a tsakiyar falon ta ce ya zama alƙalin gasa, za ta gwada a gabansa.

Ta fara da cewa yawan mutane da dogayen gine-gine ba sa ƙara wa duniya komai, domin daga jikinta aka ɗebo su. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙura da ɓarɓashin duwatsu da ke faɗowa daga sararin samaniya, kimanin tan dubu arba'in a shekara. Abin da ke fita kuma iska ce marar nauyi sosai, wadda ke silalewa ta can sama ba ta dawowa, ita kuwa ta haura tan dubu casa'in. Tana magana tana juya hannu, wani irin juyi da Malam bai san ta da shi ba. Ba nasa ba ne, ba na uwarta ba. Ya zauna yana sauraro kamar mai tsince tsakuwa a hatsi, yana neman inda za ta yi tuntuɓe.

Sai ta ɗago kwali na ƙarshe. Ta ce akwai abin da kowa ke mantawa, wanda Abba ya gano: hasken rana. Tunda makamashi yana da nauyi, hasken da ke sauka a duniya ya kai tan dubu sittin a shekara. In aka haɗa shi da ƙurar, abin da ke shigowa ya rinjayi abin da ke fita. Saboda haka duniya ƙiba take yi.

Wani sanyin daɗi ya ratsa ƙirjin Malam. Lissafin daidai ne, amma sun manta cewa hasken ba ya zama. Kusan duk abin da duniya ta karɓa daga rana tana mayar da shi sama, wani nan take, wani a matsayin zafi. Ɗan abin da ke maƙalewa bai taka kara ya karya ba. Da an cire wannan kwali, amsar gaba ɗaya ta kife: duniya ramewa take yi.

Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya fasa. Ya tambaye ta wa zai zo ɗaukarta yau. Ta ce Abba, bayan la'asar.

"Kin yi ƙoƙari," in ji Malam.

Haka suka wuni. Ta maimaita jawabin har sau uku, kowane karo tana ƙara sakin jiki a kan kwalin ƙarshe, shi kuma yana gyara mata tsayuwa da ɗaga murya. Sun ci abinci, ta wanke kwanuka, ta ba shi labarin ƙawayenta. Yana amsawa, amma kunnensa na bakin ƙofa. Ya tsara jimlolin a ransa, ya sake tsara su, ya zaɓi inda zai ɗan dakata.

Da motar ta tsaya, Malam da kansa ya leƙa ya ce Injiniya ya shigo ya sha ruwa. Mutum ne mai ƙiba da saurin dariya, ya cire takalmi tun daga waje, ya gaisa da hannu biyu. Bai taɓa yi wa Malam komai ba sai ladabi, Malam kuwa da zai samu ya yi masa rashin kunya ko sau ɗaya, da ya fi samun sauƙi.

Bayan gaisuwa, Malam ya ɗauko kwalin ƙarshe ya riƙe shi nesa da ido.

"Injiniya, tulun da ake zuba wa ruwa ta sama yana zuba ta ƙasa, yaushe zai cika? Da duniya tana riƙe hasken nan duka, ai da tuni mun soye."

Ya yi bayanin a hankali, da muryar da yake yi wa ɗan aji ɗaya magana. Bai bar komai ba. Har ya ƙara da cewa irin wannan kuskure ba ya wuya ga wanda bai zauna da ilmin ba.

Injiniya ya ƙura wa kwalin ido, leɓɓansa na motsi. Can sai ya dafe goshi ya fashe da dariya.

"Wallahi gaskiyarka ne, Malam. Na ƙirga mai shiga na manta mai fita. Da na kai yarinyar nan na baro ta a gaban alƙalai. Allah ya saka da alheri."

Babu ko ɗigon jin kunya a fuskarsa. Sai ma ya matso yana tambayar nawa ne ke maƙalewa tunda duniya na ɗumama, kuma a wane littafi zai duba. Malam ya amsa a gajarce. Abin da ya wuni yana dafawa ya nuna, amma ya rasa ɗanɗanonsa.

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta tattara kwalayenta ɗaya bayan ɗaya, ta karɓi na ƙarshen daga hannun ubanta. Da Injiniya ya fita tayar da mota, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ɗago kai ba.

"Baba, tun yaushe ka gani?"

"Yanzun nan," ya ce.

Ta ɗago ta dube shi, duban da bai daɗe ba. Sannan ta yi masa sai wani makon, ta fita.

Ya bi su da ido ta taga. Motar ba ta tashi nan da nan ba. Injiniya ya zaro biro daga aljihu, su biyun suka sunkuya a kan kwalin, kawunansu kusa da juna. Ta ce wani abu, ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda aka kama da laifi, sai ga shi ta yi dariya har tana bugun cinya. Malam ya gane cewa ya ba su aikin da za su yi tare har tsawon mako.

Ranar gasar yana ɗakin jarrabawa, yana zagaya tsakanin kujerun ɗalibai, waya ta motsa a aljihunsa. Sai da aka karɓi takardu ya duba. Daga lambar Injiniya saƙon ya fito, da hoton yarinyar riƙe da kofin nasara, uwarta a dama, Injiniya a hagu.

"Mun ci, Malam. Gyaranka ne ya fitar da mu. Mun gode."

Malam ya daɗe a tsaye cikin ajin da ya watse, yana karanta kalmar farko, yana lissafa mutum nawa ne a cikinta. Daga nan ya rubuta "Barka", ya aika, ya shiga jera kujeru.