Taliyar Ƙarfe Biyu da Rabi

Ni dai har yau ban san abin da ake nufi da "ya shirya" ba. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe yaran kulob ɗin garinmu na hoki, wasan nan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara, a gidana, ina ciyar da su, ina wanke musu kayan da warinsu ke korar kare, amma in mazan nan suka zauna suna cewa wane ya shirya, wane bai shirya ba, sai in ji kamar da wani yare suke magana.

Landon Hiebert yana da shekara sha shida aka kawo mini shi, daga wata gona can arewacin lardin Saskatchewan. Haka ake yi: kulob ya ɗauko yaro daga nesa, ya damƙa wa wani gida a gari, ya zauna da ku har ya gama gasar matasa. Biyar na riƙe kafinsa, duk na sallame su ba hawaye. Wannan kuwa ban san yadda aka yi ba. Dogo ne, ga kunnuwa, ga shiru, in ya gama cin abinci sai ya wanke kwanonsa har da na mijina Merv. Shekara uku yana ɗakinmu na ƙasa yana ce mini Mama Lorna.

Sai wani babban kulob na Amurka ya zaɓe shi. A watan Satumba suka kira shi gwaji, ya tafi da jaka ɗaya, ya ce in bar masa ɗakinsa yadda yake, sati biyu zai dawo. Sati biyun ya wuce, aka sallami yara kusan talatin, shi ba a sallame shi ba.

Merv ne ya zaunar da ni ya yi mini bayanin dokar, yana jera cokula a tebur. Yaro mai shekarun Landon, an yarda ya buga wa manya wasa tara na gwaji. In suka ga bai shirya ba, su maido mana shi ya ƙara shekara guda a gasar matasa. In kuwa ya taka ƙanƙara a wasa na goma, to kwantiraginsa ya fara aiki, da wuya a sake ganinsa a garin nan.

Na ce, "To wanne muke so?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wace irin tambaya ce wannan, Lorna? Na goma mana. Tun bai iya ɗaure takalmi ba yake wannan burin."

"Na sani, tsoho. Gwada ka nake yi."

Ƙarya nake. So nake ya dawo. Na faɗa, a yi mini duk abin da za a yi. A coci bakina yana roƙa masa wasa na goma, zuciyata tana can ɗakin ƙasa tana canza masa zanen gado.

Ga kuma maganar taliya. Duk ranar wasa, ƙarfe biyu da rabi daidai, Landon yana cin taliya da kaza, miya a gefe, kada ta kuskura ta taɓa kazar. Ranar da zai fara buga wa manya, ina can ina tunani sai na ga hannuna ya riga ya dafa. Ya kuwa buga da kyau. Washegari na gaya masa a waya don ya yi dariya, amma bai yi ba.

"Mama Lorna, don Allah kar ki daina."

"Kai ɗan nan, kana can wata ƙasa, wa zai ci?"

"Merv mana."

'Yan hoki ke nan. In abu ya yi kyau ko safa ba sa canzawa. Haka Merv ya shiga uku, duk bayan kwana biyu ina ajiye masa taliya ƙarfe biyu da rabi, yana mita. "Ni da ba wasa zan buga ba, me ya hana miyar ta taɓa kazata?" Sai in ce ya ci ya rufe mini baki. Ni kuma ga ni tsaye a kicin, ina dafa abincin da zai hana yarona dawowa gida.

A wasa na shida ya ba abokin gaba ƙwallo a gaban raga, aka ci su. A na bakwai ya bangaje wani ƙato mai gemu har sandarsa ta karye. Garinmu kuwa kowa ya zama koci. Mai share ƙanƙarar filinmu ya ce ƙafar yaron ta shirya, kansa ne bai shirya ba. Mai aski ya ce kai kam lafiya lau, kilo bakwai ne ya rage masa. Wani a talabijin ya ce tun bara ya shirya, amma kada a yi masa gaggawa. Na ce to fa, in ya shirya mece ce gaggawar, in bai shirya ba me yake yi a can? Merv ya ce ba zan gane ba. Na ce ya fahimtar da ni, ya ɗauki jarida.

Na kira Landon da kansa. "Su mutanenka me suke cewa?"

"Kocin 'yan baya ya ce in daina tunani, in yi wasa kawai. Mai kula da mu sababbi ya ce in riƙa tunani kafin in saki ƙwallo."

"Babban kocin fa?"

"'Yaro' yake ce mini. Ina jin bai san sunana ba."

"Sun ce ka nemi gida?"

A can ba wanda zai zaunar da kai ya ce an ɗauke ka. Otal suke ajiye ka, in sun yarda da kai wata rana wani zai wuce ka a hanya ya ce, "Nemi gida." Shi ke nan.

"Ina otal har yanzu," ya ce. "Mai goge-goge ma ta san sunana."

Ya buga na tara ranar Laraba. Na goma Juma'a ne. Ranar na dafa taliya, na soya kaza, na ɗebo miya a ludayi, na tsaya. Ba zan ce hannuna ne ya kufce ba, don bai kufce ba. Da sanina na kwarara miyar nan a kan kazar har ta nutse.

Merv ya dubi farantin ya dube ni. "Yau Kirsimeti ce?"

"Ci kawai."

Da aka fara wasa muka yi ta neman lambarsa, saba'in da huɗu, a kan ƙanƙara, babu. Can sai kyamara ta haska sama wajen 'yan jarida, ga Landon cikin kwat yana cin gugguru. Ba ciwo ya ji ba, ba laifi ya yi ba, kawai ba a sa shi ba. Ni mace mai shekara hamsin da takwas, na san miya ba ta tsallaka iyakar ƙasa, amma duk da haka na kasa haɗa ido da Merv.

Wasa uku ana haka. Ba su sa shi ba, ba su sallame shi ba. Na koma ajiye miya a gefe don kunya, ban ma san me nake roƙo da ita ba. Na tambayi Merv ma'anar wannan zaman. Ya ce ko dai suna son ya koyi wasa daga sama, ko suna jiran wani ya ji ciwo, ko sun riga sun yanke shawara.

"Wato ba ka sani ba."

"Na sani mana, ɗaya daga cikin ukun ne."

Litinin da safe waya ta yi ƙara. "Mama Lorna, sun maido ni."

Muryarsa duk ta dushe. Na ce, "Ayya, ɗana. Me suka ce ya rage maka?"

"Na tambaya. Sun ce ba komai. Wai na kusa."

"Kusa da me?"

"Ni ma ban sani ba. Gobe da rana jirgina zai sauka."

Na ba shi haƙuri da murya mai sanyi, alhali ƙafafuna suna taka rawar murna a kicin. Kunya dai na ji ta, amma ba ta hana ni komai ba. Na canza zanen gado, na buɗe taga ɗakin ya sha iska, na je kanti na kwaso kaji har mai kantin yana tambaya ko biki za mu yi. Merv kuwa ko murmushi babu. Na ɗauka baƙin cikin wasa na goma ne yake cinsa.

Da azahar ina jera kajin a firji sai ga Noreen, matar da ke raba yaran kulob a gidaje. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Lorna, kin ji?"

"Na ji mana, gobe zai sauka."

"Ba nan zai sauka ba."

Ta yi mini bayani sau biyu kafin ya shiga. Kulob ɗinmu bana shi ne na ƙarshe a gasa. Manyan can suna son Landon ya buga inda ake neman kofi, namu kuma sun san shekara ɗaya ce ta rage masa. Don haka da safen nan suka yi musayarsa da wani kulob can bayan duwatsu, tafiyar awa sha huɗu a mota. Aka ba mu yara biyu da ko gemu ba su fara ba.

"Amma ai sun ce sun maido shi!"

"Gasar matasa suka maido shi, ba garin nan ba."

Na juya wajen Merv. Yana kallon takalmansa. "Ka san da wannan?"

"Ai haka ake yi da manyan yara, Lorna. Kowa ya san in ya dawo ba zai zauna ba."

"Kowa?"

"Na ɗauka kin sani."

Shekara goma sha ɗaya! Yarana na baya ba wanda ya taɓa kai matsayin da za a yi rububinsa, ina zan sani? Mai aski ya sani, mai share ƙanƙara ya sani, mutumin da ya yi wata guda yana cin taliyata ya sani. Wasa tara, wasa goma, duk lissafin da na yi ta yi ba ruwansa da ɗakina. Na ce wa Noreen ta gaida gida, na ce wa Merv ya je ya duba motarsa ko da lafiyarta ƙalau.

Washegari Landon ya kira daga filin jirgi, wai in haɗa masa kayansa za a zo a ɗauka. Ban san sanda na ce, "Ni ce na zuba miya a kan kazar ranar Juma'a" ba.

Sai ya yi wata 'yar dariya. "Mama Lorna, tun ƙarfe goma na safe suka cire sunana a allon masu buga wasa. Ko ruwa ba ki ɗora ba."

"Duk da haka."

"In gaya miki wani abu? Da na ga babu sunana, sai da na ji daɗi kaɗan. Na ce ƙila zan zo gida. Kar ki gaya wa Merv."

Aka kira jirginsu, ya kashe.

Laraba ina ninke rigunansa a kwali wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar mace ce, da jin ta ba ta wuce talatin da biyar ba.

"Sannu, sunana Pauline, ni zan riƙe Landon. Gobe yana da wasa. Na tambaye shi abin da yake ci, ya ce in tambaye ki."

Kalmar "kifi" ta zo mini har baki. Landon ba ya ko son warin kifi. Na tsaya da wayar a kunne har ta ce, "Kina ji na?"

"Kina da biro?"

Na gaya mata taliya da kaza, ƙarfe biyu da rabi, miya a gefe. Na ce bayan ya ci zai kwanta awa ɗaya, kada ta kunna injin wanki. In an ci su kada ta ce masa komai, ta dai bar madara a firji. In ya ce lafiya lau sau biyu a jere, to ba lafiya ba, ta duba kafaɗarsa ta hagu. Ta yi ta rubutawa tana cewa to, to.

"Shi ne yaro na farko da zan riƙe," ta ce. "Ban sani ba ko na shirya."

Na ce mata wannan kam ba ni za ta tambaya ba, ta dai ɗora ruwa ƙarfe biyu saura kwata.

Sai da na ajiye wayar na tuna ban gaya mata yana wanke kwanonsa da kansa ba, kada ta hana shi, don ransa ɓaci yake. Na ɗauki wayar, na dubi lambar, na mayar na ajiye. Wannan ɗaya dai ta gano da kanta.