Neman “Wanda” a Italiya

Daren jiya na yi wani mafarki, wai ga ni a Italiya ina neman kalmar da ta ɓace wa Babanmu.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, “wanda” da “wadda” suka fita daga bakinsa. Sai ya ce, “Kira min matar... matar...” ya tsaya yana kallon rufin ɗaki. Ni kuwa sai in yi sauri in ƙarasa masa.

Na shiga wani ofishi. Akuya ce a kan kujera, da tabarau, tana tauna takardar da za ta buga wa hatimi.

“Me ya ɓata?”

“Wanda.”

“Wanda me?”

“Wanda kawai, ranki ya daɗe. Na Babana.”

Ta leƙa aljihun tebur. “Mu nan arewa da kalma guda ɗaya muke ɗaure magana. Ke.”

“Na'am?”

“Ba ke ba. Sunanta ke nan. Ki gwada kudu.”

Sai ga ni a kudu. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa, mutane sun riƙe lema a ƙarƙashin ƙafafunsu. Wani bunsuru mai gadin tasha ya ce tasu “ka” ce, kuma kowane ƙauye da yadda yake liƙa ta. Ya auna min mudu guda. Na zuba a bakin zane, duk suka zube sama.

Na zauna a gefen titi ina kuka, hawayen suna hawa goshina.

Can na hango Baba cikin kwalekwale a tsakiyar kasuwa, da farar hularsa, yana ɓare lemo da hannun da ba ya motsi.

“Baba, ban samo ba. Na duba ko'ina.”

Ya matsa min wuri, ya kira sunana. “Baraka. Zauna.”

“Bari in gwada wani garin...”

“A'a. Ni. Magana. A hankali.” Ya miƙo min ɓarin lemo. “Ke. Sauri. Kullum.”

Kunya ta kama ni. Na rufe bakina da hannu biyu. Ya fara wata magana, ya tsaya, ya sake farawa. Kasuwar duka ta yi tsit, har awaki suka ajiye biro. Ban taya shi ba. Ya ja numfashi, ya kamo kalma ta gaba da kansa, yana murmushi.

Yana tsakiyar ta uku injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka da hannuna a baki.